Tara, Diyya da Haraji: Kowane Kuɗi da Sunansa

Idan malamin Hausa yana son ya gwada kunnen ɗalibansa, sai ya rubuta musu wannan jimla a kan allo: "Sun tara tarar naira tara." A rubuce, kalma ɗaya ce aka maimaita sau uku, amma a baki kalmomi uku ne daban-daban. Ta farko, wadda take nufin haɗa abu wuri guda, ana jan wasalinta na farko, murya ta fara daga sama ta sauko. Ta biyu, wato ta hukunci, ita ma ana jan wasalinta na farko, sai dai murya daga ƙasa take tashi ta hau. Ta uku kuwa, ta ƙidaya, gajeren wasali gare ta. Daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, amma duk da haka ba a taɓa jin Bahaushe ya rikita waɗannan kalmomi a magana ba. Kunne ya riga ya raba su tun yana goye.

Rikicin da ya fi wannan girma yana can wajen ma'ana. Duk wanda ya saba sauraren labaran rediyo ko karanta jaridun Hausa zai lura da yadda ake cakuɗa tara da diyya da haraji da fansa da beli, kamar dai duk kuɗin da ya fita daga aljihun mutum ba da son ransa ba abu ɗaya ne. A ce kotu ta ci wani kamfani tarar da zai biya ma'aikacin da ya kora. A ce 'yan bindiga sun ci wani ƙauye tara. A ce an karɓi kuɗin beli a ofishin 'yan sanda. Jimlar farko da ta biyu sun ɗora kalma a inda ba wurinta ba, ta uku kuwa ta sanya wa haramtaccen abu halattaccen suna. Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne da za a bar wa masu nazarin harshe su yi ta muhawara a kansa. Mutumin da bai san sunan kuɗin da ake neman ya biya ba, ba zai san ko wajibi ne ya biya ba, ba zai san hannun da ya kamata ya karɓa ba, ba kuma zai san inda zai kai ƙara ba.

Kafin a shiga bambance-bambancen, yana da kyau a dubi aikatau ɗin da Hausa ta zaɓa wa tara. Ba a cewa an ba shi tara, ko an yi masa tara. Cewa ake yi an ci shi tara. Wannan "ci" shi ne na cin gari da yaƙi, da cin zaɓe, da cin mutum a caca ko a kokawa, wato rinjaye. Shi ne kuma na cin amana da cin zarafi da cin hanci. A jimlar "an ci Audu tara", Audu ne aka ci, ba kuɗin ba. Diyya kuwa biyanta ake yi, haraji a ɗora shi ko a sanya shi sannan a karɓa, kaffara a yi ta, beli a bayar da shi. Tun daga nan harshe ya nuna cewa tara tana tafe da ƙasƙanci, domin akwai mai iko a sama, akwai wanda aka kama da laifi a ƙasa. Turawan Ingila sun kalli abin ta wata fuska. Kalmarsu ta tara ta samo asali ne daga wata kalmar Latin mai nufin "ƙarshe", wato kuɗin da ake biya a kashe magana. Ta Faransawa kuma daga kalmar da take nufin gyara kuskure ta fito. Wata kalmar Ingilishin da take nufin hukunci ta shigo Hausa, amma ta ƙofar filin ƙwallo, ta zama fanareti, ba ta kuma taɓa zuwa kotu ba.

Tambayoyi uku sun isa su rarrabe kusan dukan waɗannan kuɗaɗe: mene ne dalilin biya, hannun wa kuɗin zai shiga, wa kuma yake da ikon yankewa ko yafewa?

Tara horo ce. Dalilinta shi ne karya doka, ko da kuwa ba a cuci kowa ba. Direban da ya keta jar fitila da tsakar dare, titi ba kowa, bai buge kowa ba, amma ya cancanci tara. Kuɗin baitulmalin gwamnati suke shiga, ko asusun ƙungiya idan dokar ƙungiya ce aka karya, kamar yadda ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na samari suke cin wanda ya ƙi halartar taro. Babban misali a tarihin Nijeriya shi ne na watan Oktoba na 2015, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ci kamfanin MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda bai rufe layukan da ba a yi musu cikakkiyar rajista ba. Lissafin mai sauƙi ne: layi miliyan 5.2, kowanne naira 200,000. Bayan doguwar tattaunawa, a watan Yuni na 2016 aka daidaita a kan naira biliyan 330. Kuɗin gwamnati suka tafi, ba a raba wa masu layukan ko sisi ba, gwamnati ce kuma ta rage adadin, domin haƙƙinta ne.

Diyya gyaran ɓarna ce, kuma haƙƙin wanda aka cuta ne ko magadansa. Kalmar daga Larabci take, kuma a fiƙihu tana da ma'ana ƙayyadajjiya: dukiyar da ake biya saboda rai ko gaɓa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake bi a ƙasar Hausa, diyyar rai raƙumi 100 ce ga masu raƙuma, ko dinari 1,000 ga masu zinariya, ko dirhami 12,000 ga masu azurfa. Yatsa ɗaya raƙumi goma, haƙori ɗaya raƙumi biyar. Idan kisan na kuskure ne, ba a bar wa wanda ya yi shi nauyin shi kaɗai, danginsa na wajen uba ne suke haɗuwa su biya, a cikin shekara uku. Wanda ya dubi wannan tsari da idon zamani zai ga kama tsakaninsa da inshora: hatsarin da ya faɗa wa mutum ɗaya an rarraba nauyinsa a kan jama'a da yawa. Abin lura a nan shi ne, magada suna iya yafe diyya, amma sarki ko gwamna ba shi da ikon yafe ta a madadinsu. Haka nan wanda mota ta buge yana iya yafe kuɗin maganinsa, amma ba shi da ikon yafe wa direban tarar tuƙin ganganci. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gane bambancin: a tambayi wanda yake da ikon cewa "na yafe".

Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure abu biyu a lokaci guda, diyya ga iyalan mamaci da kuma kaffara. Aiki ɗaya, nauyi biyu, kuma ɗaya ba ya ɗauke ɗaya. Kaffara tsakanin bawa ce da Ubangijinsa. Wanda ya karya rantsuwa, alal misali, zai ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, idan bai samu iko ba ya yi azumin kwana uku. Babu ɗan sandan da zai zo karɓa, babu rasit, kuma dukiyar hannun matalauta take shiga. Saboda haka kuskure ne a fassara wa ɗalibai kaffara da "tarar addini", kamar yadda wasu suke yi don sauƙaƙawa.

Hausar yau ta faɗaɗa kalmar diyya ƙwarai. Ana cewa diyyar gonar da gwamnati ta karɓa don yin hanya, diyyar ɓata suna, diyyar rumfunan da aka rushe. Ba laifi ba ne harshe ya faɗaɗa kalma, haka harsuna suke rayuwa, kuma a duk waɗannan wurare kuɗin hannun wanda ya yi asara suke shiga, wato jigon ma'anar yana nan. Sai dai akwai wata kalmar da ake mantawa da ita. A ƙauye, idan shanu suka shiga gona aka je gaban mai unguwa, abin da makiyayi yake yi shi ne biyan ɓarna, ko ranko. Idan bayan an biya manomi mai gari ya ƙara karɓar wani abu don kansa, to wannan wani kuɗi ne daban, kuma ya kamata a tambayi sunansa. Akwai kuma inda kalmar diyya take faɗin abin da takarda ba ta faɗa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu. A 2009 kamfanin ya daidaita da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, a 2011 kuma aka fara biyan iyalai huɗu dala 175,000 kowannensu. A bakin jama'a diyya ce. A wajen kamfanin kuwa sulhu ne aka yi a wajen kotu, bai kuma amsa laifi ba. Mai fassara labari yana da haƙƙin ya sanar da masu sauraro wannan tazara, domin kunnen Bahaushe idan ya ji "ya biya diyya" ya ɗauka an tabbatar da laifi ke nan.

Haraji ba ya buƙatar dogon bayani. Ba a biyansa don an yi laifi, sai don ana zaune a ƙasa ana samu. Jangali harajin shanu ne. Tsofaffi suna tuna yadda gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979. Wanda ya ƙi biyan haraji ana iya cinsa tara, amma harajin kansa ba tara ba ne. Beli kuma ba kuɗin da ake saye 'yanci da su ba ne. Alkawari ne cewa wanda ake tuhuma zai dawo ranar da aka neme shi, mai tsaya masa kuma ya ɗauki lamunin wani adadi da zai biya idan ya gudu. Rundunar 'yan sandan Nijeriya da kanta ta sha nanata cewa beli a ofishinta kyauta ne. Ashe ke nan duk abin da aka karɓa a kan teburin ofis da sunan "kuɗin beli" yana da wani suna a Hausa, kuma kowa ya san shi.

A nan ne maganar ta fi nauyi. Tara tana da sharuɗɗa. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa ba za a kama mutum da laifi ba sai an bayyana laifin a rubutacciyar doka, an kuma faɗi hukuncinsa a cikinta, sannan duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Wannan ya sa ake ta ja-in-ja a kotuna game da ko wata hukumar gwamnati tana iya zama mai ƙara kuma alƙali a lokaci guda. A watan Mayu na 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta soke tarar naira 500,000 da hukumar NBC ta ci kowace ɗaya daga cikin tashoshin watsa labarai 45 a 2019, bisa hujjar cewa hukumar ba kotu ba ce. Akwai kuma hukuncin da ya amince wanda aka kama da laifin hanya ya zaɓi biyan tarar da doka ta ƙayyade maimakon zuwa kotu. Ko ta wace fuska aka duba, abubuwa uku ba sa canzawa: rubutacciyar doka, ƙayyadajjen adadi, da rasit na gwamnati. Kuɗin da aka yi cinikinsu a gefen titi, aka fara daga dubu goma aka sauko dubu biyu, aka dunƙule aka miƙa ta taga, ba tara ba ne ko da mai karɓa yana sanye da kaki. Direban da ya dawo tasha ya ce "an ci ni tara" ya wanke mai karɓa, ya kuma wanke kansa, alhali idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mafi muni shi ne yadda kalmomin nan suka shiga labaran ta'addancin da ya addabi ƙauyukan Zamfara da Sakkwato da Katsina. An sha jin cewa 'yan bindiga sun ɗora wa gari kaza haraji kafin a bar su su yi noma ko girbi, ko sun ci su tara saboda sun kai rahoto ga jami'an tsaro. Su kansu 'yan bindigar suna son waɗannan kalmomi, kuma da dalili. Haraji na mai mulki ne. Tara ta mai doka ce, kuma tana nuna cewa wanda ya biya ya yi laifi. Duk ranar da mai karanta labarai ya ce an ci ƙauye tara saboda sun sanar da sojoji, to ya amince a cikin jimla ɗaya cewa ɗan bindiga hukuma ne, kai rahoto kuma laifi ne. Hausa ba ta rasa kalmomin da suka dace ba: ƙwace, fashi, kuɗin tilas. Idan dole ne a ambaci sunan da suka ba abin, sai a ce "abin da suke kira haraji". Kalmar fansa ita ce kaɗai ta zauna daidai a wannan fage, domin tun asali tana nufin dukiyar da ake bayarwa don kuɓutar da wanda yake hannun wani, kamar yadda bayi suke fansar kansu a zamanin da, ba ta kuma ɗora wa wanda aka kama laifin komai.

Wannan damuwa ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. A cikin littafinsa Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa kuɗaɗen da sarakunan zamaninsa suke karɓa ba bisa shari'a ba, ya kuma kira su da sunayensu na Hausa, irin su jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa. Ya soki yadda ake mayar da hukuncin manyan laifuka ya koma karɓar dukiya. Malaman fiƙihu ma sun daɗe suna saɓani a kan halaccin horo da dukiya. Da yawansu sun hana, wasu kamar Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun halatta. Babban abin da masu hanawa suka ji tsoro shi ne kada azzalumin shugaba ya sami ƙofar cin dukiyar talakawa. Tsoron yana kan hanya, domin duk hukumar da take rayuwa da kuɗin tara ba za ta so laifi ya ƙare ba.

To, ko da tara ta cika sharuɗɗanta, tana yin aikin da aka yi ta dominsa? A nan kimiyya tana da abin faɗa. A 1968 masanin tattalin arziki Gary Becker, wanda ya sami lambar Nobel a 1992, ya yi bayanin cewa mai niyyar karya doka ba girman tara kaɗai yake dubawa ba, yana haɗawa da yiwuwar a kama shi. Ɗalibin da ya iya lissafin yiwuwa zai gane wannan nan take. Idan tarar zubar da shara a kwata naira 10,000 ce, amma mutum ɗaya cikin hamsin ake kamawa, to nauyin da kowane mai zubarwa yake ji shi ne 10,000 a raba gida hamsin, wato naira 200. Idan kai sharar juji zai ci masa naira 500, lissafi ya ba shi shawarar ya zuba a kwata. Mahukunta sukan gaggauta ninka tara domin shi ne ya fi sauƙi, takarda kawai za a sa wa hannu. Amma ninka yawan kamawa yakan fi tasiri, kuma tara mai tsananin girma ita ce ta fi buɗe ƙofar ciniki a gefen titi.

Akwai wani gwajin da ya kamata kowane shugaban makaranta ya sani. A 1998 masu bincike biyu, Uri Gneezy da Aldo Rustichini, suka sa ido a kan gidajen renon yara goma a birnin Haifa har tsawon mako 20. Matsalar ita ce iyaye suna makara wajen ɗaukar 'ya'yansu, malamai suna zaman jira. Bayan mako huɗu ana ƙirga masu makara, sai aka sanya tara a gidaje shida: shekel goma ga duk wanda ya makara da minti goma ko fiye. Kowa zai zaci makara za ta ragu. Sai ga shi ta ƙaru, har ta kusa ninkawa. A mako na 17 aka janye tarar, amma makarar ba ta koma yadda take a da ba. Bayanin da masu binciken suka bayar a rahotonsu na shekarar 2000 shi ne, kafin tara, uban da ya makara kunya yake ji domin ya tsayar da malama. Da aka sa kuɗi, sai abin ya koma ciniki, ya sayi ƙarin lokaci a farashi mai rahusa, kunya kuma da ta tafi ba ta dawo ba. Gaskiya ne gwajin ƙarami ne, gida goma a gari ɗaya, tarar ma ba ta da yawa, don haka ba za a gina doka a kansa shi kaɗai ba. Amma makarantun da suke karɓar "kuɗin makara" daga ɗaliban da suka dawo hutu a latti, ko buhun siminti daga wanda ya tsallake katanga, ya kamata su ƙirga su gani ko laifin raguwa yake yi, ko kuwa 'ya'yan masu hali ne suka gane farashinsa. Sunan ma da kansa ya tona asiri: "kuɗin makara" gininsa ɗaya da "kuɗin mota" da "kuɗin makaranta", wato abin da ake biya a sami wani abu.

Rumawa sun ga irin wannan tun da daɗewa. Dokokinsu na Alluna Goma Sha Biyu, na wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun yanke cewa wanda ya ci zarafin wani zai biya shi kwabon tagulla 25. Shekaru suka shuɗe, darajar kwabon ta zube, dokar tana nan yadda take. Marubuci Aulus Gellius ya kawo labarin wani attajiri mai suna Lucius Veratius wanda yake yawo a titi yana sharara wa mutane mari, bawansa na biye da jakar kuɗi yana ƙirga wa kowa 25. A ƙarshe sai da aka bar wa alƙalai su riƙa kimanta abin da za a biya.

Ba sai an je Rum ba. A ɗauka wata doka ta yanke tarar naira 200 a 1981, lokacin da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya yake naira 125 a wata. Wanda aka ci wannan tara ya rasa albashin fiye da wata ɗaya da rabi. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000, wato tarar nan ta koma kashi ɗaya cikin 350 na albashin wata. Ba wanda ya gyara ko harafi ɗaya a dokar, hauhawar farashi ce ta cinye ta. Idan farashi yana tashi da kashi 20 cikin ɗari kowace shekara, darajar tara tana raguwa da rabi cikin ƙasa da shekara huɗu, ga shi kuwa a 1995 hauhawar ta haura kashi 70, a Disambar 2024 ta kai kashi 34.8. A nan tsarin diyya ya yi wa dokokin boko fintinkau. Tun da an ɗaure ta da dinari 1,000, kowane dinari kuma giram 4.25 na zinariya, to nauyinta giram 4,250 ne a kowane zamani, abin da ake yi kawai shi ne a duba farashin zinariya na ranar. Ingila ta bi wata dabara a 1982: maimakon kowace doka ta faɗi adadi, sai aka kasa tara mataki biyar, doka ta ce laifi kaza mataki na uku ne, idan kuɗi sun lalace a gyara jadawalin sau ɗaya, dukan dokoki su bi. Majalisun dokokin jihohi ba su da uzurin ƙin yin irin wannan.

Saura matsalar da ta fi taɓa talaka. Tarar naira 50,000 ga ɗan kasuwar Kantin Kwari kuɗin man mota ne, ga mai turin baro kuwa jarinsa ne gaba ɗaya. Adadi ɗaya, zafi daban. Tun a 1215 yarjejeniyar Magna Carta ta Ingila ta ce a ci mutum tara gwargwadon laifinsa, kada kuma a raba shi da abin neman abincinsa. Ƙasar Finland ta ɗauki mataki a 1921 da tsarin da za a iya kira tarar kwanaki. Ana auna laifi da adadin kwanaki, sannan a auna kowane kwana da kimanin rabin abin da mutum yake samu a yini bayan an cire na buƙatun dole. Mutum biyu da suka yi laifi ɗaya za a ci su kwanaki ɗaya, amma kuɗin ya bambanta. Da wannan lissafi ne a 2002 aka ci wani babban jami'in kamfanin Nokia, Anssi Vanjoki, tarar yuro 116,000 saboda ya yi gudun kilomita 75 a kan babur a inda aka ƙayyade 50, ko da yake daga baya kotu ta rage ta sosai bayan ya nuna samunsa ya ragu. Suwidin da Denmak da Jamus duk sun ɗauki tsarin. Masu suka za su ce ba zai yiwu a Nijeriya ba, tun da yawancin jama'a ba su da takardar albashi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin Ingila ma ta gwada irinsa a 1992 ta watsar a 1993. Amma alƙalin da yake zaune a garin ya san bambancin mai shago da yaron shago ko ba takarda.

Abin da rashin wannan awo yake haifarwa yana ɓoye a cikin wata jimla da aka saba ji a rahotannin kotu: "ɗaurin wata shida ko zaɓin biyan tara". Kalmar "zaɓi" tana nuna hanya biyu ne a gaban mutum. Ga wanda aljihunsa ba komai, hanya ɗaya ce. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 a faɗin ƙasar nan, waɗanda suke tsare saboda sun kasa biyan tara ko diyyar da ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba. Naira miliyan 585 da aka yi aikin da su, kamfanoni da masu hannu da shuni ne suka tara. Kotuna sun riga sun yanke cewa laifin waɗannan mutane bai kai na zaman kurkuku dole ba, tun da sun ba su zaɓi, amma suka zauna gwamnati tana ciyar da su, har ranar da wani ya zo ya biya musu.